Mai sakata ko mai ɗura kanta: wace bindiga zan saya don farautar barewa a Wiskonsin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Wiskonsin ta Amurka, abokan aikina kuma sun gayyace ni farautar barewa ta watan Nuwamba. Ban taɓa mallakar bindiga ba. Wasu sun ce in sayi mai sakata, wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi. Wasu sun ce mai ɗura kanta ta fi, don in na kuskure zan iya sake harbi nan take. Wacce ta dace da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sayi mai sakata. Ba wai mai ɗura kanta ba ta kashe barewa ba ce. Tana kashewa sarai, kuma akwai mutanen da ita ce ma ta fi dacewa da su, zan zo kansu. Amma dalilin da aka ba ka, na cewa in ka kuskure sai ka sake nan take, shi ne mafi rauni cikin duk dalilan da ake sayenta saboda su, kuma shi ne ya fi jefa sabon maharbi cikin nadama.

Bari mu fara da yadda kowace take aiki, don sauran bayanin duk daga nan ya samo asali. A mai sakata, kai ne injin. Bayan ka harba sai ka ɗaga hannun sakatar, ka ja ta baya, kwanson da ya ƙone ya fice, ka tura ta gaba ta ɗauko sabon harsashi, ka sauke hannun, haƙoran ƙarfen da ke kan sakatar su shige gurbinsu su kulle. Tsari ne da ya kai ga cikarsa tun bindigar Mauser ta Jamus ta 1898, kuma Winchester Model 70 ta 1936 da Remington 700 ta 1962 da yawancin waɗanda za ka gani a kanti yau duk jikokinta ne. A mai ɗura kanta kuwa, yawanci akwai wata 'yar huda a jikin bututun. Idan albarushi ya ƙone, wani ɓangare na iskar da ke tura harsashi yana bi ta hudar ya tura ƙarfen da ke rufe gindin bututun baya, kwanso ya fita, sifirin ya dawo da ƙarfen gaba da sabon harsashi. Matsa kunama ɗaya, harbi ɗaya. Ba mashin-gan ba ce. Ita ma ba sabuwa ba ce a dajin Amurka. Remington ya fara sayar da wadda John Browning ya tsara tun 1906, Browning BAR ta farauta kuma ta fito a 1967, har yau ana yin ta.

Kafin komai, doka. A Amurka kowace jiha da nata ƙa'idojin farauta, suna kuma sauyawa daga shekara zuwa shekara. A Wiskonsin duka biyun halal ne a farautar barewa, don haka zaɓi na hannunka. Amma in kana tunanin wata rana za ka bi abokai wata jiha, ka sani Fensilbaniya ta buɗe wa mai ɗura kanta ƙofa a 2017 don ƙananan namun daji kawai, ta bar barewa a waje. Mishigan da New York ba sa yarda a yi farauta da mai ɗura kanta da ke ɗaukar fiye da harsashi 6. Ohayo ta taƙaita wa mai farautar barewa harsashi 3 a cikin bindiga, kuma irin harsashin da kwansonsa yake miƙe sambal kaɗai ta yarda da shi. Mai sakata ta fi shiga jihohi da yawa ba tare da ka yi ta lissafi ba. Nemi ɗan littafin ƙa'idojin bana na hukumar albarkatun ƙasa ta jiharku, DNR, ka karanta shi da kanka, kada ka dogara da abin da wani ya tuna na bara.

Akwai kuma abin da ya shafe mu baƙi, wanda abokan aikinka haifaffun ƙasar ba lalle su tuna su gaya maka ba. Mai katin zama na dindindin yana iya sayen bindiga kamar kowa, bayan ya cike takardar tarayya an kuma bincika tarihinsa. Wanda ke zaune da bizar karatu ko ta aiki kuwa, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi sai in ya shiga cikin 'yan togaciyar da aka yi, babba a cikinsu shi ne mallakar lasisin farauta mai aiki. Idan a wannan rukuni kake, lasisi ne farko, bindiga daga baya, kuma kada ka bari lasisin ya mutu alhali bindiga na gidanka. A Wiskonsin duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1973 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin tarbiyyar maharba kafin ya yi farauta shi kaɗai. Yi shi tun da wuri, kada ka jira Oktoba lokacin da azuzuwan suka cika.

To, batun harbi na biyu.

Ka ɗauka kana zaune a gindin bishiya ko a kan dandamalin da aka ɗaure a samanta, gari ya fara wayewa, sanyi yana ratsa safar hannu. Barewa ta fito daga cikin itatuwa tana tafiya tana tsayawa, tana ɗaga hanci tana shinshina iska, kunnuwanta suna juyawa. A wannan lokacin ba ta san da kai ba. Kana da sararin ɗora bindiga a kan abin dogaro, ka jira ta ba ka gefenta, ka ɗora saiti a bayan kafaɗar gaba kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji zuwa sama, inda huhu biyu da zuciya suke. Wurin nan faɗinsa ya kai inci 8 zuwa 10. Wannan shi ne harbi mafi sauƙi da za ka samu a ranar, kuma da zarar bindiga ta yi ƙara ya wuce ke nan. Barewa mai farar wutsiya tana iya gudun mil 30 a awa, kuma ba a miƙe take yi ba, tsalle take tana kaucewa tsakanin bishiyoyi. A nisan yadi 100, kafin harsashin .308 (lambar tana nuna kaurin harsashi ne) ya isa inda ka saita, dabbar da ke wannan gudu ta matsa kusan ƙafa 5. Ka saita ƙirji, harsashi ya faɗa cinya ko tumbi, ko ya wuce ta gaba ɗaya ya tafi inda ba ka duba ba. Wanda ya kasa samun dabba a tsaye, da wuya ya same ta a guje.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda sanin cewa akwai na biyu da na uku a shirye yake sauya na farkon. Mutum yakan rage haƙuri. Maimakon ya jira barewa ta fito daga bayan reshe, sai ya ce bari in gwada. Ba laifin bindigar ba ne, hali ne na ɗan Adam, kuma ƙwararre ya riga ya hore kansa a kai. Sabon shiga bai kai nan ba tukuna. Ranar farko da ka ga ƙahoni a cikin madubin saiti, zuciyarka za ta riƙa bugawa har ka ji ta a kunne, hannu yana rawa, numfashi yana sarƙewa. Amurkawa har suna suka sa wa wannan yanayi saboda yawan waɗanda yake kamawa. A irin wannan hali yatsa yakan ci gaba da matsa kunama ba tare da ido ya koma kan saiti ba. Barewar da aka harba a tumbi tana iya yin awoyi tana wahala, ta yi nisa ta mutu a cikin fadama inda ba wanda zai gan ta sai kyarketai. Wannan asara ce, kuma alhaki ne.

Ba kuma gaskiya ba ne cewa mai sakata ba ta da harbi na biyu. Wanda ya saba, bai sauke bindiga daga kafaɗa ba, yana juya sakata cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Wani ɓangare na wannan lokaci ma dole ne ka ɓata shi ko da wace bindiga ce, domin bakinta ya ɗaga sama da ƙarfin harbi, sai ka dawo da shi, ka sake nemo dabbar a madubi. Abin da ke cin lokaci shi ne sake saiti, ba ɗuri ba.

Za ka ji ana cewa mai sakata ta fi daidaito. Haka ne a mafi yawan lokuta, musamman idan aka kwatanta masu kuɗi ɗaya: kullenta ya fi ƙarfi, ba abin da ke motsi a cikinta lokacin harbi, kunamarta kuma ta fi laushi. Ko masu araha yanzu suna tara harsasai cikin inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi a yadi 100. Amma ba zan ɗora shawarata a kan wannan ba. Mai ɗura kanta da ke tara su cikin inci 2 ta wadatar da kai a dajin arewacin Wiskonsin, inda galibin harbi ba ya kai yadi 100. Bambancin sai a buɗaɗɗun gonakin masara ko filayen yammacin ƙasar yake fitowa.

Inda na fi ba mai sakata fifiko shi ne sanyi da datti. Farautar bindiga ta Wiskonsin kwana 9 ce, tana farawa ranar Asabar ɗin da ke gabanin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, kuma sau da yawa da asuba ruwa ya daskare. Mai ɗura kanta tana dogara ne da ma'auni: ƙarfin iskar albarushi, ƙarfin sifirin, santsin ƙarfe a kan ƙarfe. Man da ka shafa mata a watan Satumba yana sulɓi, a cikin tsananin sanyi sai ya yi kauri. Ƙarfen ya koma baya bai kai ƙarshe ba, ko ya dawo gaba bai kulle ba. Haɗa da baƙin toka da iskar albarushi ke bari a hanyarta, da dusar ƙanƙara da ta faɗa ciki ta narke ta sake daskarewa, sai ka ga kwanso ya maƙale a bakin ƙofa. Wanda ya san bindigarsa yana kauce wa duk wannan: ya wanke ta tas, ya sa mai ɗan kaɗan na sanyi, ya gwada harsasai iri-iri har ya gano wanda take so. A mai sakata, in abu ya ɗan cije, hannunka ne zai ƙara ƙarfi. Wanke ta ma ba wahala: ka danna wani ɗan maɓalli, sakatar ta zare gaba ɗaya, ka leƙa bututun daga baya har ka hango haske, ka goge shi daga nan.

Tunda mun zo nan, ka yi hattara da tsohuwar Remington 742 da za ka gani da araha a kantunan kayan hannu. An yi ta da yawa daga 1960 zuwa 1980, ta kuma kashe barewa ba adadi a jihohin arewa. Sai dai ɗakin harsashinta, wato inda harsashi ke zama a gindin bututu kafin a harba shi, yana da wuyar gogewa, in ya yi tsatsa yana riƙe kwanso, kuma hanyar da ƙarfen ke bi a cikinta tana cinyewa da yawan harbi, gyaranta kuwa da wuya. Kada ka saye ta sai maƙerin bindiga ya buɗe ya duba.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da ba a cika faɗa a kanti ba. Na farko ƙara. Ba a hawa bishiya da harsashi a ɗaki, sai ka zauna ka ɗaure kanka sannan ka ɗura. Mai ɗura kanta tana son a saki ƙarfenta ya buga da ƙarfinsa, kuma a cikin shirun asuba wannan ƙarar tana tafiya nesa. In ka lallaɓa shi a hankali don kada a ji, yana iya ƙin kullewa, ka matsa kunama a gaban barewa ka ji shiru. Sakata kuwa kana iya tura ta sannu-sannu har ta kulle. Na biyu ya fi muhimmanci. Da zarar ka harba mai ɗura kanta, akwai sabon harsashi a ɗaki, makullin kariya a buɗe, kai kuma jikinka yana rawa, hankalinka ya bi barewa, kana son saukowa. Haka nan wajen sauke ɗuri: mutum ya cire gidan harsashi ya ɗauka ya gama, alhali ɗaya na nan a ɗaki. Da mai sakata, ka ɗaga hannunta ka ja baya, kai da duk wanda ke kusa da kai kuna gani da ido cewa ba za ta tashi ba. Ga wanda zai shiga daji cikin mutane a karon farko, wannan kaɗai ya isa dalili.

Yanzu ga inda mai ɗura kanta ta yi fice, don kada in tauye mata haƙƙi. Tana da sauƙin duka a kafaɗa. Tunda wani ɓangare na ƙarfin yana tafiya wajen motsa ƙarfe da sifirin, dukan yana zuwa a shimfiɗe maimakon lokaci guda. Dattijo, ko mai ciwon kafaɗa, ko wanda dukan bindiga ya sa ya fara runtse ido kafin ya harba, yana iya harbi da .30-06 a BAR ko Benelli R1 cikin natsuwar da ba zai samu a mai sakata marar nauyi ba. Sai kuma farautar kora, wadda tsohuwar al'ada ce a Wiskonsin: wasu su jeru su ratsa kurmi suna tado barewa, wasu su tsaya a bakin hanya suna jira, kusan yadda maharbanmu na gida ke yi idan an fita farautar gayya da rani. A nan dabba a guje take zuwa, a kusa, kuma saurin harbi yana da amfani na gaske. Amma a nan ne kuma haɗari ya fi yawa, domin mutane suna gaba da gefe. Idan abokanka kora suke yi, roƙe su a shekarar farko su sa ka cikin masu tadowa, ko su ajiye ka kusa da wanda ya daɗe yana yi. Masu farautar aladun daji a Teksas, inda garke guda ke fitowa a tare, su ma suna da hujjarsu, amma wannan wata farauta ce daban.

Za ka kuma ga masu ɗaukar samfurin AR, wanda shi ma mai ɗura kansa ne. Ƙaramar, AR-15, yawanci .223 take ci, wanda ƙarami ne ga barewa a hannun wanda bai ƙware ba. Kolorado ma ba ta yarda da harsashin da kaurinsa bai kai .24 ba a manyan namun daji. Babbar, AR-10 mai cin .308, tana da ƙarfin, amma sau da yawa ta kai kilo 4 ko fiye kafin a ɗora mata madubi, mai sakata irin Tikka T3x Lite kuwa tana wajen kilo 3. Kilo ɗaya ba komai ba ne a kanti. Bayan yini guda cikin dusar ƙanƙara da kaya masu nauyi, kafaɗa za ta ba ka labari.

Game da harsashi, kada ka wahalar da kanka. .308 Winchester, da ya fito a 1952, ana samunsa a kowane ƙaramin kanti, kuma ya ishi kowace barewa a jiharku. 6.5 Creedmoor na 2007 da 7mm-08 sun fi shi sauƙin duka, aikinsu a kan barewa kuma ba ya da wani aibi. .243 ya fi su duka laushi, ya dace da mai ƙaramin jiki. .270 da .30-06 tsofaffin amintattu ne, dukan da suke yi a kafaɗa ya ɗan fi. Ka guji masu sunan magnum, ba ka buƙatarsu, kuma su ne suka fi koya wa mutum tsoron bindigarsa. Ka ga ke nan matsalar dukan kafaɗa ma ana iya magance ta da zaɓen harsashi, ba sai an sauya irin bindiga ba. Sayi harsashin farauta wanda kansa ke buɗewa idan ya shiga nama, ba mai rufaffen kai na atisaye ba, wanda ke ratsawa ya bar ƙaramar huda.

Kuɗi ma suna gefen mai sakata. Ruger American ko Savage Axis suna samuwa a 'yan ɗaruruwan daloli, sabuwar BAR kuwa ta haura dala 1,000. Abin da ya rage maka zuba shi a madubin saiti mai kyau, irin 3-9x40 ko 2-7x33 (lambobin ƙarfin kusantowarsa ne da faɗin gilashinsa), domin barewa ta fi motsi da sassafe da gab da magariba, lokacin da madubi mai arha ke yin duhu. A cikin kurmi ka bar shi a mafi ƙarancin kusantowa, in ba haka ba barewa za ta fito a yadi 30 ka ga gashi kawai ka rasa wane ɓangare ne. In bahago ne kai, akwai masu sakata na hagu, nemi su tun farko. Kuma kafin ka biya, ɗora bindigar a kafaɗa sanye da rigar sanyin da za ka shiga daji da ita, ka rufe ido, ka ɗora kunci, ka buɗe. In idonka bai faɗa tsakiyar madubi ba, tsawon gindinta bai dace da kai ba.

Tunda da sallama ka fara, bari in ƙara wannan. Ka yi bismilla lokacin da za ka saki harbi. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halatta cin abin da makami ya huda, ya hana wanda ya buge da faɗinsa, kuma a kan wannan ne malamai da yawa suka halatta abin da harsashi ya kashe. Idan ka iske ta da sauran rai, yanka ta wajibi ne, don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugunka ba a cikin mota ba. Ka tunkare ta ta baya, ka lura da ƙafafu da ƙahoni. Harbin huhu biyu shi ya fi sauƙaƙa mata: yawanci takan ruga 'yar tazara ta faɗi cikin daƙiƙoƙi. In ta ɓace maka, ka riƙe wurin da ka gan ta ƙarshe a ido, ka dakata kamar rabin awa kafin ka bi jini. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, bi shi. Mai duhu, ko mai haɗe da koren abinci, na hanta ne ko tumbi; wannan sai an ba ta awoyi, kuma ka kira abokanka kafin ka taka ko'ina.

Daga yanzu zuwa Nuwamba, filin koyon harbi ne wurin zuwanka. Daidaita madubi a kan tebur a yadi 100 da ainihin harsashin da za ka yi farauta da shi, domin kowane iri da inda yake faɗawa. Da ka gama, tashi daga teburin, ba za ka same shi a daji ba. Manna farantin takarda na cin abinci a allo, ka harbe shi a zaune, a durƙushe, da jingine da sanda. Bayan kowane harbi juya sakata da ƙarfi har ƙarshe, baya da gaba, bindiga tana kafaɗa, ido yana kan faranti. Jan rabi-rabi shi ke sa ta cije. A gida kuma sayi harsasan roba na atisaye ka riƙa maimaita wannan motsi, bayan ka tabbatar babu harsashi na gaske ko ɗaya a ɗakin. Nisan da kake samun farantin a kowane harbi ba kuskure, tun bututu bai yi zafi ba, shi ne iyakarka ta bana. In yadi 60 ne, to 60, barewar da ta tsaya a 120 ka bar ta ta wuce.